Jirgin da Ya Isa da Kowa

Kwanan baya wani mutum ya shigo shagona da batirin sola a kafaɗa, yana tambaya ko na san mai gyara. Ni kayan gini nake sayarwa, siminti da rodi da kwanon rufi, ba ruwana da batir. Amma da ya sauke shi a bakin ƙofa don ya huta, sai warin ya buge ni, warin nan mai tsami da ɗan ƙauri da ke kama mutum a maƙogwaro. Na kwatanta masa wurin mai gyara, ya tafi. Warin bai bi shi ba. Na wuni ina sallamar masu saye, hankalina yana tsakar gidanmu na da, inda batirin tarakta yake zaune a kan tsohon buhu, wayoyi biyu sun fito daga kansa sun shige bayan wata 'yar talabijin mai hoto baƙi da fari.

A nan Gadarif aka haife ni, a unguwar mutanenmu, lokacin da in ka hau tudu ka dubo unguwar ba abin da za ka gani sai kawunan ɗakunan ciyawa masu tsini, kamar an kife malafu a ƙasa. Ƙasarmu baƙa ce. Da rani takan tsage har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki. Da damina kuma ta koma laka mai riƙe takalmi, ka ja ƙafarka ta fito ita kaɗai. In an zo yankan riɗi gari ya cika da baƙi masu wucewa manyan gonakin Simsim da Fashaga neman aiki, sannan su watse, a koma zafi da jiran ruwa.

Kakana namiji, wanda kowa a gidan ke kira Malam, ba a nan aka haife shi ba. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa yana sabon aure, shi da matarsa, da niyyar aikin hajji. Suka keta Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna tsayawa su yi noma su sami guzuri su ƙara gaba. Labarin manyan gonaki ne ya karkato da su nan, wai su yi damina ɗaya su wuce. A nan aka haifi mahaifina, aka haifi ƙannensa, aka haife mu. Duk da haka Malam bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. In wani ya gaishe shi a kasuwa ya ce masa “ya Hajj”, yadda ake ce wa kowane dattijo a nan, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Lissa.” Wato tukuna. Yakan gaya mana cewa a can gida in za a yi salla gabas sak ake duba, a nan kuwa alƙibla ta karkata arewa. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya tuna wa mutum sau biyar a rana cewa ya ɗan sauka daga hanya.

Saboda haka akwai doka ɗaya a gidanmu da ba a taɓawa: ba a gini da bulo. Ciyawa da kara da itace kawai, abin da za ka iya bari ka tafi ba ka waiwaya ba. Ba shi kaɗai ba ne, dattawan unguwar da dama haka suke. A wurinsu wanda ya aza bulo a kan bulo ya warware niyyarsa, ko bai faɗa da baki ba. A cikin ɗakin Malam, a jikin dirka, akwai buta da ƙullin tsumma da sanda a rataye. Sandar ce ya shigo da ita garin. Ba ya dogara ta zuwa masallaci, yana da wata ta yau da kullum. Wannan ta hanya ce, tana jiran ranar tashi.

Matarsa, kakarmu, Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka mace a nan. 'Yar ƙarama ce mai kaifin baki. Ni take ce wa mijinta, kullum tana ƙorafin na bar ta ba cefane. Tana da ciwon ƙirji. Kowace damina in ciyawar rufi ta jiƙe ta fara warin ruma, numfashinta sai ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Daminar da ta gabaci shekarar da nake ba ka labari, har an taɓa tara mu a bakin ɗakinta ana salati. Da ta farfaɗo, likita ya gaya wa mahaifina a fili cewa in wata damina ta same ta a ƙarƙashin ciyawa, ba shi da abin da zai yi mata.

Mahaifina mutum ne mai shiru. Bai yi shawara da kowa ba. Bayan girbi sai kawai muka ga amalanken jaki yana sauke jan bulo a gefen tsakar gida. Malam ya fito, ya dubi tarin, ya dubi ɗansa.

“Wannan fa?”

“Na Inna ne, Malam. Likita ya ce…”

“Likitan ne ya taso da ita daga gida?”

Magana ta tsaya nan. A gidanmu ɗa ba ya haƙa ƙasar ubansa sai da izini. Bulon ya zauna a wurin, ƙadangaru suka mai da shi gida. Malam kuwa ya canja hanya, in za shi masallaci sai ya zagaya ta bayan rumbu don kada ya gifta kusa da tarin.

A wannan ranin talabijin ta shigo mana. Baffana, ƙanin mahaifina, direban tarakta ne a Simsim. Da rani tarakta ba ta da aiki, sai ya ciro batirinta ya kawo gida don kada ya mutu a daji. Wannan shekarar ya haɗo da talabijin da ya saya a hannun wani da zai bar gari. Aka ɗora ta a kan turmi a kife, aka kafa eriya a kan doguwar gora. In batir ya fara rauni hoton yakan tsuke, mutane su gajarce, sai a ɗora shi a jaki a kai kasuwa a yi masa caji. Ka lura da abu ɗaya: kallonmu da ginin Habboba wa'adinsu ɗaya ne. Ranar da hadari ya haɗu batir zai koma jikin tarakta, kuma ƙasa in ta sha ruwa ba mai iya haƙa tushe a cikinta sai baɗi.

Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango na Turawa da ake sawa mako-mako tsakanin magariba da isha'i. Sunansa ya ɓace mini, amma labarin yana nan. Duniyarsu ta mutu, ruwa ya ƙafe, shuka ta ƙi fita. Waɗanda suka rage suka shiga wani jirgi mai girman gari, suka nufi wata duniya da masanansu suka ce tana can bayan taurari. Tafiyar ta fi ƙarfin ran mutum ɗaya, don haka a cikin jirgin ake aure, ake haihuwa, ake tsufa. Da Turanci suke magana, rubutun Larabci yana gudu a ƙasan hoton. Yayata, wadda ta fi kowa saurin karatu, ita ke zama kusa tana juya wa tsofaffi da Hausa. Yaran unguwa kuwa, da yake ba kujeru, tarin bulon nan suke hawa. Haka abin da aka hana taɓawa ya zama mazaunin 'yan kallo.

Zan faɗi gaskiya a kan shirin, don ni sana'ata duba kaya ce, kuma da riɗi na fara kafin na koma kayan gini. Aibinsa yana da yawa, Habboba ce ta fara ƙirga shi daga kan angarib ɗinta, gadon nan na igiya da ake fito mata da shi waje.

“Wai su waɗannan ba sa girki ne? Tun da aka fara ban ga hayaƙi ba.”

Wani makon kuma ta ce, “Tafiyar shekaru, riga ko ɗaya ba ta yage ba. Ni kafin mu kai Wadai zanina ya koma rariya.”

Akwai wani mutum-mutumin ƙarfe da aka sa don ya riƙa ba da dariya, ta sa masa suna gwangwani mai surutu. In ya fito sai ta juya fuska ta ce a tashe ta in ya gama. Akwai kuma dodanni masu kai kamar kabewa da ke kawo wa jirgin hari. Mu yara muna ɓuya a bayan juna, har ranar da Baffa ya miƙa yatsa ya nuna mana takalmin mutum a ƙarƙashin ƙafar dodo. Daga ranar tsoro ya ƙare, kuma shiri irin wannan in tsoronsa ya ƙare rabin jarinsa ya tafi.

Malam da farko baya ya juya wa akwatin, yana kan buzunsa yana jan carbi. Amma kunnensa yana wurin Yaya. Rannan ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Ke amarya, ina suke duba in za su yi salla?”

“Malam, ba sa salla.”

“To shi ya sa hanyar ta yi musu tsawo.”

Abin da ya juyo da buzunsa wani ɗan wuri ne da ba faɗa ba gudu. Wani yaro da aka haifa a cikin jirgin ya tambayi kakarsa mene ne ruwan sama. Tsohuwar ta yi ta kwatance ya kasa ganewa. Daga ƙarshe ta ɗebo ruwa a kofi, daga rabonta na sha, ta ɗora hannunta a saman kansa ta tsiyaya ta tsakanin yatsu. Yaron ya ɗaga kai ya ce, shi ke nan? Ta ce a'a, ba shi ke nan ba, amma iyakar abin da zan iya nuna maka ke nan. Da Yaya ta juya wannan da Hausa, na ga Malam ya daina jan carbi. Mu ma mun taɓa tambayarsa mece ce ɗorawa, don daddawa kawai muke ji a bakin tsofaffi ba mu taɓa ganin bishiyar ba. Ya yi ta zana ta da hannu a iska har ya gaji ya ce mu je mu yi wasa. Mako na gaba da aka kunna, buzunsa yana duban akwatin.

Nan ne ƙarfin shirin yake, a wuraren da ya yi shiru. Akwai wata babbar taga a gaban jirgin, inda tsofaffi ke zuwa su zauna su zuba wa taurari ido, ba mai magana. Habboba, da ba ta yabon komai, wannan ta yaba. Ta ce, “Ko ba komai an yi musu taga. Mutum ya zauna yana ganin inda za shi, ko bai kai ba.”

Da aka yi nisa, jirgin ya gifta wata ƙaramar duniya mai ruwa da iska mai ƙarfi. Ba ita ce aka nufa ba, amma za ta zaunu. Samarin jirgin suka ce a sauka. Shugabansu, wani dattijo mai furfura, ya ce ba nan aka yi wa iyayenmu alkawari ba. Aka yi makonni ana wannan ja-in-ja, kuma a tsakar gidanmu kowa ya san ba jirgi kaɗai ake kallo ba. Baffa, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce da ƙarfi kamar da iska yake yi, “Wallahi yaran nan suna da gaskiya. Ga ruwa, ga ƙasa.”

“Kai mai tarakta, an tambaye ka?” in ji Malam. “Dattijon nan ya san abin da ya ɗauko.”

Mahaifina ya kau da ido daga akwatin. Ya dubi tarin bulo da yara a kai, ya sunkuyar da kai.

Sai makon da yarinya ta mutu. 'Yar ƙarama ce a cikin jirgin, zazzaɓi ya kama ta, likitansu da duk na'urorinsa ya kasa. Suka naɗe ta a farin ƙyalle. Da yake ba ƙasar da za a haƙa, suka buɗe wata ƙofa suka sake ta. Ba kiɗa, ba wanda ya yi jawabi. Aka bar mu muna kallon farin ƙyallen nan yana nisa, yana ƙanƙancewa, har ya zama kamar ƙwayar farin riɗi a kan baƙar ƙasarmu. Uwar ta tsaya a taga. Jirgin ko rage gudu bai yi ba.

Habboba ta sauko daga angarib ba ta nemi a kama ta ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Malam ya zauna har aka gama. An kira isha'i bai tashi ba, abin da ban taɓa gani ba. Da ya miƙe ya ɗauki butar alwala, abin da ya ce kawai shi ne, “Wanda ya shirya wannan ya yi tafiya.”

Washegari mahaifiyata tana tankaɗe ta gaya mana abin da ba a faɗa a gidan. Ashe mahaifina ba shi ne ɗan fari ba. Akwai yarinya kafin shi, an haife ta a hanya, ta rasu tsakanin Wadai da Darfur. A gindin wata aduwa aka binne ta, da gari ya waye ayari ya tashi, dole suka bi. Wurin ba shi da suna. Ko a lokacin da sun koma, ba za su gane bishiyar ba.

Bayan wannan makon shirin ya lalace, kuma ba zan ɓoye ba. Kamar masu shirya shi kayansu sun ƙare, sai suka koma cika mana buhu da yashi. Dodannin kabewa suka dawo, aka yi ta harbe-harben haske. Aka ƙirƙiro soyayya tsakanin wasu biyu da ko gaisuwa ba su taɓa yi ba. Gwangwani mai surutu ya sami mako guda shi kaɗai. Maganar sauka a ƙaramar duniyar nan kuwa, wadda ita ce ta riƙe kowa, aka jingine ta kamar an manta. Manya maƙwabta suka fara daina zuwa. Malam bai daina ba. Yana zaune yana jure shirmen kamar mai jiran a zo kan maganarsa a gaban alƙali.

Zafi ya kai maƙura. Iska ta fara juyowa daga kudu, da yamma ana hango gajimare suna taruwa ta wajen Habasha. Ko ruwa bai sauka ba ƙirjin Habboba ya fara jin sa. Wata rana da hantsi na same ta a inuwa tana tsince wake, na zauna na ce, “Habboba, me ya hana Malam tafiya Makka ne, tun da yana so haka?”

“Mijina, kana tsammani guzuri ne? Ubanka ya sha cewa zai kai shi bakin teku ya sa shi a jirgin ruwa. Ya ƙi. Wai tare muka fito, tare za mu shiga. Ni kuwa ga ƙirjina kana ji.”

“To ki ce masa a yi miki ɗakin mana.”

Ta watsar da tsakuwa ta dube ni. “In na ce a yi ɗaki, na ce masa tafiya ta ƙare ke nan, tawa da tasa. Ba daga bakina zai ji ba. Tashi ka nemo mini cefane, miji sai zama.”

Saƙo ya zo wa Baffa daga Simsim cewa a kawo batir, za a fara gyaran tarakta. Ya roƙi a ɗaga masa har a ga ƙarshen zangon, don saura fitowa ɗaya. Ranar tsakar gidanmu ta cika, har waɗanda suka daina zuwa sun dawo. Iska tana kaɗa gorar eriya, hoto yana rawa, wani yaro ya riƙe ta da hannu biyu.

Ga yadda suka ƙare shi. Wata ƙofa ta buɗe a sararin sama, ba wanda ya taɓa ambatonta tun farkon labarin. Jirgin ya shiga, kafin ƙiftawar ido ya fito a gaban duniyar alkawari. Tafiyar da aka ce sai jikokin jikoki, aka naɗe ta kamar tabarma. Dattijo mai furfura ya taka ciyawa da ƙafarsa, samarin da suka yi masa tawaye suka zo suna ba shi haƙuri. Har nan Malam yana gyaɗa kai, ko da yake na ga goshinsa ya tattare. Sai aka nuna wasu mutanen haske na wannan duniyar suna fitowa daga cikin itatuwa, suna riƙe da hannun duk waɗanda aka saki a hanya, rayayyu. Wata yarinya ta ƙwace ta ruga wurin uwarta. Yara a kan bulo suka ɗau tafi. Yaya tana fassara cike da murna.

“Tsaya,” in ji Malam. “Yarinyar da aka saki ce?”

“Ita ce, Malam.”

“Kai, cire wayar nan.”

Baffa ya zare waya daga kan batir. Hoton ya tsuke ya koma ɗigo ya ɓace. Malam ya miƙe, carbin yana kaɗawa a hannunsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

“Sun kawo mu har nan da gaskiya, sannan suka yi mana ƙarya. Wanda aka bari a hanya an bar shi, ba mai riƙo hannunsa ya kawo maka. Kuma wa ya ce musu kowa ke isa? Ba kowa ke isa ba! Mutum ya taso da niyya, Allah ya ga niyyar, inda ƙafarsa ta tsaya a nan za a binne shi. Wannan ai ko yaro ya sani.”

Habboba ta ja numfashinta mai ƙara. Ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, “To, Malam. Ni dai ban ce ba.”

Ya tsaya yana dubanta. Aka kira isha'i. Ya ɗauki buta ya fita, kuma na lura bai zagaya ta bayan rumbu ba. Ta gefen tarin bulon ya bi, yara suna janye ƙafafu.

Da safe Baffa ya ɗaure batir a jaki ya kai tashar mota. Rana ta ɗan ɗaga sai Malam ya fito daga ɗakinsa riƙe da sandar da ke rataye a dirka, sandar hanya. Mahaifiyata ta saki tsintsiya, don ta ɗauka tafiya ce ta tashi. Ya je tsakiyar fili, ya kafa bakin sandar a ƙasa, ya fara ja da baya yana zana layi. Ya yi kusurwa, ya sake ja, har layin ya dawo inda ya faro. Sannan ya kira mahaifina.

“Nan. Ka haƙa da zurfi, ƙasar nan ba ta riƙe gini.” Ya matsa ya buga sandar a layin bangon da zai dubi alƙibla. “Nan kuma taga. A yi ta ƙasa-ƙasa, daidai wanda ke kwance.”

Maginin da aka kira ya ce ba a yin taga ta wannan gefen, sanyin arewa zai riƙa shiga wa mai ciwon ƙirji. Malam ya ce a sa mata murfi. Aka sa.

An yi ginin nan cikin gaggawa, duk mazan unguwa suka sa hannu, har 'ya'yan dattawan da ba sa gini. Wasu daga cikin dattawan sun daina zama kusa da Malam a masallaci na ɗan lokaci. Ruwan farko ya sauka ana buga kwanon ƙarshe. Habboba ta kwanta tana jin sa yana dukan rufi, ta ce wannan ɗaki ya fi gwangwani mai surutu surutu. Amma numfashinta ya sassauta. Ta ƙara damina da yawa a duniya, har ta ga auren Yaya ta goya ɗanta.

Malam bai taɓa kwana a ɗakin ba. Ya ce na Habboba ne. Yakan shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa su yi hira, in lokacin kwanciya ya yi ya koma ƙarƙashin ciyawarsa. Sandar ta koma jikin dirka. A kasuwa in an ce masa “ya Hajj” bai fasa cewa “lissa” ba, sai dai ya daina ɗaga hannu. Ita ta riga shi. Bai daɗe ba ya bi ta, kuma kaburburansu suna nan bayan gari, ba nisa da juna.

Ba a sa zango na biyu na shirin ba, ko an sa ba mu da batir. In yau ka kawo mini shi a matsayin kaya ka ce in yi masa kuɗi, zan ce maka samansa mai kyau ne, tsakiyarsa da yashi, gindinsa ruɓaɓɓe. Wanda ya rubuta yaron nan da kofin ruwa, da farin ƙyallen nan, ya san zuciyar matafiyi. Amma da aka zo ƙarshe ya ji tsoron masu kallo, ya ba su abin da suke so maimakon abin da ya sani. Sai dai ina yawan tunanin cewa da ya ƙare shi da gaskiya, da Malam gyaɗa kai kawai zai yi ya tafi masallaci ta bayan rumbu. Ƙaryar ce ta fusata shi har ya faɗi abin da ya shekara da shekaru yana haɗiyewa.

Da Allah ya hore mini, bayan na sauke nawa farali, na koma na yi wa Malam aikin hajji, Yaya kuma ta yi wa Habboba. A jirgin sama muka je. An ba mu shayi, kafin ya huce an ce mu ɗaura ɗamara za a sauka. Na leƙa taga na ga teku a ƙasa kamar tabarma, sai na tuna ƙofar nan da ta buɗe a sama wadda tsoho ya ce ƙarya ce. Ashe ƙofar za ta buɗe, amma ba ga waɗanda suka taka hanyar ba. Ba kuma wanda ya fito daga cikin itatuwa riƙe da hannun kowa.

Yanzu ƙaramar 'yata tana kallon irin waɗannan shirye-shirye a waya, masu launi, dodanninsu ba a ganin takalmi. Takan ce in zo in gani. Abu ɗaya nake tambayarta, ko waɗanda suka mutu suna dawowa. In ta ce suna dawowa sai in ce ta ci gaba da kallonta.

Unguwarmu duk ta zama bulo da siminti. Ɗakin ciyawa sai ɗai-ɗai, a kusurwar gida, ana ajiye gawayi a ciki. Ba na kuka da wannan, da shi nake ci, kuma na ga abin da ruma ke yi wa ƙirjin tsoho. 'Yan'uwa sun sha cewa a rushe ɗakin Habboba a yi bene, tun da ya tsage ta gefe. Ni da nake gaya wa kowa ya rushe ya sabunta, wannan na ce a bar shi. Sandar tana ciki, a rataye a ƙusa.

Ranar da mutumin nan ya zo da batir, da na rufe shago ban wuce gida ba, tsohon gidanmu na nufa. Na buɗe ɗakin, na zauna a bakin angarib, na miƙa hannu na ture murfin tagar. Da can in ka buɗe ta fili ne har iyakar gani, sai sama. Yanzu katangar maƙwabci ce a gabanta, doguwa, kusa har kana iya taɓa ta. Na san katangar. Simintin da aka yi ta da shi a shagona aka saya, ni na ba maƙwabcin shawarar ya ƙara mata tsawo.